Idanun Shanu a Baƙin Ƙyalle

Shekarar da ruwa ya ƙi zuwa mun yi yanka fiye da kima. Makiyaya na kawo shanu fata da ƙashi, suna roƙon a karɓa kafin su faɗi. Ina fawa a kwatar Matameye a lokacin, ƙarƙashin Sarkin Fawa, wanda baffana ne.

Wata safiya likitan dabbobi, mai buga wa nama hatimi, ya zo da baƙo, wani dogon mutum daga Yamai riƙe da akwatin ƙanƙara. Ya ce shi ba nama yake so ba, idanu yake so. Da an yanka a ƙwaƙule su, a naɗe a baƙin ƙyalle nan take, kada rana ta taɓa su.

Baffa ya ajiye wuƙa. "Malam, me za a yi da idon saniya?"

Baƙon ya ce can cikin ido akwai wani abu mai kama haske, shi ke sa a gani idan duhu ya fara. Za su ciro shi su yi wa zomo allurarsa, jinin zomon kuma ya ba su abin da zai riƙa gano shi a kowane ido, har na mutum. Da haka, in ji shi, za a fahimci dundumi.

Sai ya zaro takarda mai hatimin kumandan, mai mulkin yankinmu, kuma a zamanin soja ba a jayayya da irin wannan takarda. Muka ƙwaƙule.

Kafin sati biyu magana ta cika gari. Wasu suka ce ta iyakar Ɗan Barto ake tsallakawa da idanun wurin matsafa. Wasu suka ce idon dabba na riƙe hoton wanda ta gani na ƙarshe, gwamnati na neman masu yanka shanun sata. Hajiyar da ke dafa kai a bakin tasha ta dawo mini da kawuna uku.

"Ɗana, wa zai ci kai babu ido? Cewa suke kun sayar da mu."

Ran nan na bi baƙon har mota na ce ya buɗe akwatin. Ya buɗe ba musu. Ƙullin ƙyallaye ne kawai cikin ƙanƙara, kowanne da lamba. Na ce masa matata na da ciki, kuma da magariba ta yi sai ta koma lalube. Ya ce in riƙa gasa mata hanta. Na yi, ta kuwa samu sauƙi, amma hankalina bai kwanta ba. Tunda ya san maganin, me yake nema kuma?

A sati na huɗu Baffa ya sa muka hura wuta tun kafin yanka. Duk kan da aka cire sai babbaka. Da baƙon ya iso idanun sun riga sun yi fari fat.

"Mun manta, Malam," in ji Baffa.

Mutumin ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya rubuta wani abu a littafinsa, ya tafi. Mun yi kwanaki da an ji ƙarar motar jandarma sai gaban kowa ya faɗi. Ba wanda ya zo. Daga baya wani ɗan tireda ya ce ya ga motar baƙon a garin Tsauni, tsaye kusa da rumfar mahauta.