Ƙwayar Lomar Farko

Shekarar da aka ce ina da ciwon suga, kowa a gidanmu na Nima ya zama likita. Gidan haya ne, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, don haka kafin in ajiye mayafi labari ya zaga ɗakuna. Wannan ta ce in bar tuwon zafi, waccan ta ce in bar koko, matar mai gidan ta ce dokunu ma, tuwon masarar nan mai tsami, guba ne a gare ni.

Likitar da ke duba ni ba ta hana ni abinci ba. Ta ce, "Hajiya, a hanji akwai wani sinadari da ke farfasa tuwo da shinkafa su koma suga. Wannan ƙwaya riƙe masa hannu take yi, sai suga ya shiga jini a hankali. Ki sha ta tare da lomar farko, ki rage kwano. Amma fa cikinki zai tara iska."

Na yi dariya a lokacin. Ashe ba abin dariya ba ne. Cikina ya dinga rugugi ko a cikin trotro, motar haya, har na kusa da ni ya waiwayo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne alwala. Ranar wata Juma'a sai da na fita daga sahu, na tsallake ƙafafun mata na je na sake ta, ina jin idanu a bayana.

Da yamma goggona, ƙanwar mahaifina, ta zo da ƙullin sassaƙe daga Kasuwar Malam Atta.

"Maganin da ke raba mutum da alwala ba magani ba ne," in ji ta. "Zubar da shi ki jiƙa wannan. Kuma ki dinga salla a ɗaki, kin ishe mu da abin kunya."

Na ce, "Goggo, ruwan alwala bai ƙare a Nima ba. In ta karye sau goma zan sake sau goma. Ƙafata kuwa in aka yanke, wa zai dawo mini da ita?"

Ta san abin da nake nufi. Mahaifina da ƙafa ɗaya ya koma ga Allah, yana ta shan jiƙe-jiƙe a ɓoye don kada a ce yana da suga. Ta kwashi ƙullinta ta tafi, muka daɗe ba ta gaishe ni da sakin fuska.

Ban koma ɗaki ba. Sai dai na riƙa tsayawa a bakin sahu kusa da ƙofa, butata a gefe. Da aka yi suna a Maamobi aka zubo mana shinkafa da wake, na kwance bakin zanina a gaban kowa, na fito da ƙwayar na haɗa da loma. Wata ta tambaya ko kaina ne ke ciwo. Na ce a'a, suga gare ni, na kuma faɗa da ƙarfi yadda na bayan rumfa za su ji.

Bayan wasu watanni cikin ya lafa, awon jinina ya daidaita. Matar mai gidan ce ta fara zuwa ɗakina, tana magana ƙasa-ƙasa, wai ƙishirwa ta dame ta, ga yawan fitsari. Washegari na ɗauki mayafi na raka ta asibiti.