Mai Kiwon Ƙwayoyin Cuta

Mu'awiya na Akurba ya tashi a sana'ar bola, a bolar ma ɓangaren wuta ya ɗauka. Matattun wayoyi da kwamfutoci yake saye a cikin garin Lafiya, ya ɓare su, ya ƙona koren allon cikinsu a bayan gida, ya tsince tagulla. Da wannan ya yi aure, da shi yake ciyar da iyali. Hayaƙin kuwa bai raga masa ba. Sai da ta kai in tari ya turnuƙe shi sai ya dafa bango. Likita bai ɓoye masa ba: ko ya bar wutar nan, ko ta kai shi kushewa.

Seember ce ta nuna masa wata hanya. 'Yar ƙabilar Tibi ce mai karatun kimiyya, tana zuwa sayen allunan don bincikenta. Ta kawo masa jarkar wani ruwa ja, ta ce akwai halittu a ciki da ido ba ya gani, in an daka allon an jiƙa, su ne za su narko tagullar. Ya samo durom biyu ya ajiye a inuwa, yana motsa su safe da yamma, yana lallashi kamar mai kiwon akuya. In ruwan ya koma shuɗi, sai ya jefa tsofaffin ƙusoshi, tagulla ta taru a jikinsu. Aikin ba sauri, amma ƙirjinsa ya fara sakin sa.

Ran nan ya tambaye ta sunan halittun da Hausa.

"Ƙwayoyin cuta ne ana ce," in ji ta. "Amma wannan ba ya kama mutum, ƙarfe kawai yana ci."

Shi kuwa, Allah sarki, da maƙwabcinsa Babandi ya tambaye shi a teburin mai shayi me ke cikin durom, sai ya buga ƙirji ya ce, "Ƙwayoyin cuta nake kiwo." Sauran bayanin babu wanda ya tsaya ji.

Damina ta sauka, zawo ya kama yaran layin. Ga rijiyarsu nan baki buɗe, kwata na malala a gefenta shekara da shekaru, amma ba wanda ya ko kalle ta. Abin da ke ƙona rai ke nan! Duk tsawon lokacin da yake turnuƙe su da hayaƙi, ko tari ba su yi masa ba. Yau da ya daina, ya zama mugu.

Babandi ne ya jagoranci gayya.

"Da bakinka ka faɗa!" ya daka masa tsawa. "Kana so ka gama da pikin namu ne, ka kashe mana yara?"

Mu'awiya ya rantse, ya roƙa, ya ce a kira Seember. Suka ture shi, suka antaya bilic na wanki a duka durom ɗin, suka kifar a titi. Seember kuwa ta gama karatu ta tafi bautar ƙasa, babu sauran irin halittun.

Ciki ba ya jiran gaskiya ta fito. Bai yi mako ba ya tara alluna a bayan gida, ya ɗaure hanci da tsumma, ya ƙyasta ashana. Baƙin hayaƙi ya rufe layin, shi kuwa yana tari har da durƙusawa. Babandi ya zo wucewa, ya leƙo ta katanga.

"Yauwa, Malam Mu'awiya," ya ce. "Sannu da aiki."