Jiran Goɗiya

A ƙauyenmu, kusa da Nasarawan Doya, lokacin rake shi ne lokacin tatsuniya. Da an fara sara, Baba zai kafa injin matsa a bayan gida, doki ya yini yana zagaye, ana dafa ruwan rake a babban kasko ana zuba mazarƙwaila. Maza sukan tashi da magariba, amma murhun ba ya hucewa da wuri. Nan muke kewayewa bayan cin tuwo, kowa yana lasar ɗan abin da ya kankaro a gindin kasko. Kakarmu, Iya Hajo, takan zauna a 'yar kujerarta ta miƙe ƙafafu wajen garwashi saboda sanyin ƙashi. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana sai Takwara.

Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba a lokacin. Ina ajin ƙarshe a firamare ta Makarfi, mu uku ne mata a ajin. Labari ya zo cewa za a tara 'yan mata a Ikara a gwada su, a ɗauki kaɗan zuwa makarantar kwana a Zariya. Baba bai ɓoye mini komai ba. Ya ce in an ɗauke ni, madalla, in kuwa ba a ɗauke ni ba, boko ya ƙare ke nan.

Ana saura mako biyu a yi gwajin na sha kunya a aji. Malam Iro ya rubuta jimla a allo mai ɗauke da wait on, ya ce in fassara. Na san wait jira ne, on kuma a kan abu. Na miƙe da ƙarfin gwiwa na ce, “Audu ya jira a kan baƙo.” Aji ya kaure da dariya, maza suna tambaya ko bayan baƙon bai karye ba. Malam ya tsawata musu, ya ce wait for shi ne jiran zuwan mutum, amma wait on shi ne yi masa hidima, ka kawo masa ruwa, ka kawo abinci, ka kula da abin da yake bukata.

Da yamma na zauna a bakin murhu na haɗe rai. Iya ta taɓa ni da sandarta.

“Takwara, wa ya mutu?”

Na kwashe duka na gaya mata. Na ce Turanci ba shi da kan gado, in ba haka ba yaya za a yi jira ya koma hidima?

Ta yi dariya har da tari. “Ke da aka tura jiran dawa bara, zama kika yi har ta nuna, ko kuwa yini kika yi kina korar tsuntsaye? Mai jiran kanti fa, kantin ne ya yi tafiya yake jiran ya dawo? Ku matso. Ga ta nan tafe, ku ba ta wuri.”

Muka ce, “Ta zo mu ji ta.”

Ta ce wani tsoho ne zai tafi fatauci, yana da goɗiya mai ciki da 'ya'ya biyu maza. Ya kira su ya ce, “Ku jira goɗiyar nan. Wanda ya jira ta, ɗan da za ta haifa nasa ne.” Babban ya shimfiɗa tabarma a inuwar da ke kallon turke. Kullum yana nan daga safe har yamma, yana kallon cikin goɗiya yana girma, har ya raɗa wa ɗan suna tun bai zo ba. Ƙaramin kuwa ba a cika ganinsa zaune ba. Yana fadama yankan ciyawa, yana rijiya, yana cire mata kaska, yana jiƙa mata kanwa, yana tayar da hayaƙi don sauro.

Goɗiya ta haihu, tsoho ya dawo, rigima ta tashi. Babban ya ce duk gari shaida ne bai taɓa barin wurin ba, ƙanensa kuwa yawo kawai yake yi. Tsoho bai yi musu da shi ba. Ya sa suka tsaya nesa da juna, ya kwance goɗiya daga turke. Ta wuce babban ko kallo, ta je ta sa hancinta a kafaɗar ƙaramin, ɗanta na biye da ita yana tangaɗi.

Iya ta kwaikwayi muryar tsohon ta ce, “Kai ka jira ɗa, shi ya jira uwa. Ɗa kuwa uwarsa yake bi.” Sannan ta kakkaɓe zanenta. “Ƙurunƙus. Na sauke, mai wuya ya ɗauka.”

Ranar gwaji Baba ya goya ni a keke har Ikara. Ga 'yan mata daga Kudan, daga Paki, daga ko'ina, wasu da takalma masu igiya. Bayan rubutu aka riƙa kiranmu ɗaya bayan ɗaya. A ɗakin akwai wata Baturiya mai furfura, da wani malami babba mai farar hula da ke taya ta. Ta tambaye ni da Turanci me nake so in zama. Na ce nas. Ta ce me nas take yi? Na haɗa 'yar jimlata cewa tana yi wa marasa lafiya hidima, na sa wait on a ciki.

Malamin ya girgiza kai, ya ce da Hausa, “Yarinya, for ake cewa. Gyara.”

Sa'an Baba ne, kuma a gidanmu ba a mayar wa babba magana. In na gyara, na faɗi abin da na san ba daidai ba ne. In na ƙi, na yi rashin kunya. Na durƙusa har ƙasa na ce, “Allah ya gafarta Malam, in nas ta yi for, zama za ta yi har mara lafiya ya zo. In ta yi on, ita ce za ta tashi ta ba shi ruwa.”

Baturiyar ta tambayi me na ce. Malamin ya fassara mata tsakaninsa da Allah, bai rage komai ba. Ta ce wa ya koya mini? Na ce malaminmu da kakata. Ta ce kakata ta yi makaranta? Na ce a'a, goɗiya gare ta a tatsuniya. Sai ga ni ina ba da labarin da guntun Turancina, inda na maƙale malamin ya cika mini, har shi ma ya shiga dariya. Da zan fita ya ce, “Ki gaida tsohuwa. Ki ce ta kayar da ni.”

Bayan wata guda takardar cewa an ɗauke ni ta iso hannun Malam Iro, ya hawo keke da kansa har ƙofar gidanmu. Iya ta rangaɗa guɗar da ta firgita dokin Baba. Ta sa aka fasa mazarƙwaila aka raba wa yaran unguwa, tana bin mata gida gida tana cewa, “Ashe ni ma na iya Turanci, ba wanda ya gaya mini!”

Na yi aikin asibiti har na yi furfura. A shekarun farko na ɗauka abin da Iya ta ba ni dabarar riƙe kalma ce kawai. Sai da na daɗe a ɗakin marasa lafiya na ga mutanen tatsuniyarta da idona. Wani ɗan'uwan majinyaci yana bakin gado yini guda, amma idonsa na kan ƙofa, yana so likita ya zo ya faɗi ranar sallama ko ranar rabon gado. Wani kuwa idonsa na kan leɓen majinyaci, ya ga ko ya bushe. Ni kaina akwai ranakun da gajiya ta sa na zama mai kallon agogo, kuma marasa lafiya suna ganewa, ko da ba su iya magana. Na ga tsoho wanda ya manta sunan kowa a gidansa, amma da ya ji takun jikar da ke juya shi a gado, sai ya buɗe baki a ba shi kunu.