Gadalin Bayan Randa

Shekara goma sha ɗaya Gwamma tana sayar wa magina tuwo a unguwar Gataa El Oued ta garin Tamanrasset, kuma kowa ya san ta da miya mai daɗi da baki mai kaifi. Abin alfaharinta kuwa gadali ne, tsiron nan na daji mai kai kamar albasa. Daga gidansu na Matamai ta ƙullo shi a bakin zane, shekarar da mahaifiyarta ta rasu. Ban da shi ba ta da komai na tsohuwar a Tamanrasset.

Ta dasa shi a fasasshiyar tukunya, ta kafa a ƙofar gida, inda rana ke dukansa, don duk mai wucewa ya gani. Ganye ya fito, ya ƙone, ya sake fitowa. Fure kam ko sau ɗaya.

Da Laure, matar wani magini, ta tare a maƙwabta, sai ta roƙi 'yar gadalin ɗaya. Gwamma ta zaɓo mafi ƙanƙanta ta ba ta, a ranta tana cewa in ya kwana uku ya daɗe.

Bayan wata bakwai Gwamma ta shiga gidan Laure aron turmi, sai ta tsaya cak. Can bayan randa, inda rana ba ta kaiwa, inda ruwan alwala ke gangarawa, gadalin Laure ya fid da fure fari tas, har huɗu. Ƙyashi ya turnuƙe ta, ta fita ba turmin. Mako biyu tana amsa gaisuwar Laure a daƙile, tana gaya wa masu cin tuwo wai takin zamani yarinyar ke zubawa. Nata kuwa ta dinga ɗura masa ruwa safe da yamma cikin fushi, har kan ya ruɓe.

Ranar da ta tono shi ya narke a hannunta, ta yi kuka sosai. Sannan ta ja mayafi sai gidan Laure.

"Ke, me kike ba shi?"

"Wallahi ba komai, Inna. Maigidana ya ce yana tare hanya, na tura shi nan."

Gwamma ta daɗe tana kallon inuwar randar. A irin wurin nan mahaifiyarta take ajiye nata. Ta sani sarai, son a gani ne ya rufe mata ido.

Laure ta tono 'ya mafi girma ta miƙa mata. Gwamma ta karɓa da hannu biyu, kunya ta hana ta ɗago kai. Yau gadalin yana bayan randarta, inda ba mai ganinsa sai ita.