Gemun da Ya Yi wa Yayarsa Alkawari

A birnin Rum, duk gidan da ya amsa sunansa yana da Bagirke guda da aka ajiye don tunani, kamar yadda ake ajiye mai girki don miya. Na gidan Numeriyus shi ne Telesiyas. Kada ku wahalar da kanku neman littafinsa, bai rubuta ko ɗaya ba. Ɗan masunci ne daga tsibirin Nisiros, wanda ya je birnin Atina yana saurayi ya zauna a sahun baya wajen malaman Baranda, masu koyar da cewa mutum ya riƙe zuciyarsa, ya saki duk abin da ba ya hannunsa. Ya koma ganin gida, yaƙi ya rutsa da shi, aka zuba su a jirgi shi da yayarsa Bitto aka sayar a Rum. Daga baya kowannensu ya sami 'yanci, amma ba su koma ba, don babu wanda ya rage musu a can.

Aikinsa ba wuya a ido. Da safe ya bi maigida zuwa dandalin shari'a, da rana su yi karatu, da yamma in baƙi sun kishingiɗa sun cika ciki, a kira shi a yi ta jefa masa tambayoyi. "Malam, kun ce ciwo ba sharri ba ne, to zo ka gaya wa haƙorina!" A kwashe da dariya, shi ma ya murmusa ya amsa. Ana girmama shi, wannan gaskiya ne. Amma bayin gida ba sa hira a gabansa, wai ya zama na manya, manyan kuma ba su taɓa manta cewa sayensa aka yi ba. Don haka shi kaɗai yake cin abincinsa.

Kansa sanƙo ne tal, amma yana da gemu har ƙirji, aska ba ta taɓa hawa haɓarsa ba. A garin da kowane mai mutunci yake aske haɓa kullum safiya, gemun nan shi ne shaidar sana'arsa. Barume ba ya barin gemu sai an yi masa mutuwa, ranar da ya kira wanzami kuma kowa ya san makoki ya ƙare.

Haka ta faru da Numeriyus shekarar da zazzaɓi ya ɗauke masa ɗansa tilo, yaro ɗan saurayi. Ya rufe kansa a ɗaki, gemu ya cika masa fuska, ya daina ci, har aka ɓoye wuƙaƙen gidan. Telesiyas ya ɗauki 'yar kujera ya shiga ya zauna kusa da shi. Kwana da kwanaki bai ce uffan ba, zama kawai yake yi. Sai da ya ga mutumin ya fara haɗiye romo sannan ya soma yi masa magana a hankali, cewa mutuwar yaron ba ta hannunsa, amma yadda zai ɗauke ta tana hannunsa. A ƙarshe Numeriyus ya ce a kira wanzami. Ya tashi, ya zama mutum, har ya fara rubuta waɗannan maganganu da harshen Rumawa don 'yan uwansa su karanta.

Sai dai Rumawa in sun ɗauki abu, ɗaukar soja suke yi masa. Abin da Girkawa ke ja-in-ja a kai a inuwa suna tsotsar zaitun, su sai su mai da shi doka. Numeriyus ya riƙe maganar daram, zaman kuwa ya manta da shi.

Wuri ɗaya ne a duk birnin Telesiyas yake sauke malanta ya huta, wato rumfar Bitto a kasuwar kifi. Tsohuwa ce gajeruwa mai murya kamar ana buga tasa, ita kaɗai ta rage a duniya da ke yi masa magana da karin harshen tsibirinsu.

"Ga bunsurun Numeriyus nan!" in ji ta da zarar ta hango shi. "Auta, yau me ka koya wa jakunan?"

"Yaya, ki rage murya, mutane na ji."

"Su ji mana. Ni na goye ka, ni na share maka majina, falsafar me za ka yi mini? Zauna ka ci, duk ka rame."

Wata rana tana fere kifi ta tsaya ta ƙura wa sanƙonsa ido. A tsibirinsu, in mutum ya mutu, danginsa kan yanke gashinsu su ɗora a kan kabari, wanda ba a ɗora wa ba kuwa, aka ce zai isa can kamar baƙon da ba shi da kowa.

"Kai da ba ka da ko sili a ka, ran da na mutu me za ka ɗora mini?"

"Matattu ba sa bukatar gashi, Yaya."

"Wannan ka gaya wa masu ciyar da kai. Ni ba zan shiga gaban Inna da Baba kamar tsintacciya ba." Ta miƙa hannu ta damƙi gemun. "Wannan nawa ne, aro na ba ka. Ka ji ko?"

"Na ji."

"Ce ka yi alkawari."

"Na yi alkawari. Sake ni, kin shafa mini ƙarnin kifi."

Da damina ta kwanta, ba ta tashi ba. Masu kifi suka taya shi kai ta bakin hanya a bayan ƙofar gari, suka binne ta suka koma rumfunansu. Ya dawo gida. Ya bar ƙofar ɗakinsa a buɗe, ya jawo 'yar kujerar nan ya ajiye kusa da gadonsa. Ba wani jawabi yake so ba, so yake wani ya shigo ya zauna. Yana jin takun mutane suna zuwa, in sun iso ƙofar sai su sassauta su wuce. Ashe maigida ne ya tara gidan ya ja musu kunne: "Kada wanda ya je ya raina Malam da ta'aziyya. Irinsa ba a yi wa." Girmamawa ce, kuma ita ta fi komai ci masa rai. Bai taɓa jin kaɗaici irin na kwanakin nan ba, ko a cikin jirgin bayi, domin a can Bitto na gefensa tana zagin matuƙa.

Da ya ji zai iya tsayawa, sai wata safiya ya ari almakashi, ya datse gemun har fata, ya bi da aska. Ya naɗe gashin a ƙyalle ya fito zai tafi kabari. Duk wata mai wankau a Nisiros da ta gan shi haka, da ta ɗora hannu a ka. A tsakar gida ya yi kiciɓis da Numeriyus.

"Malam? Kai ne?" Maigida ya ja baya ya dube shi, fuskarsa ta washe. "Tabɗi! Ku zo ku gani! Ƙasar kabari ba ta bushe ba, har ya sa aska ya rufe makoki. Ni da sai da na kusa haukacewa! Ga mutumin da ke aikata abin da yake faɗa."

"Ranka ya daɗe, ba wai..."

"Mene ne wannan a ƙyalle? Gemun ne? Tsaya ma tukuna, ka taɓa aski kuwa tun da aka haife ka?"

"Ban taɓa ba."

"Ashe gemun fari ne! Tsofai-tsofai da kai!" Ya yi dariya har da dafa bango. A Rum, gemun da saurayi ya fara askewa a batta ake sa shi, a ajiye wa allolin gida, a yi walima. Numeriyus ya nufi 'yar ma'ajiyar allolin da ke kusurwa, ya ɗauko wata battar azurfa. Da ya juyo, dariyar ta tafi. "Wannan ɗana na sa aka ƙera wa. Bai kai ga yin gemu ba. Kullum ina ganinta ba komai a ciki, ina kau da kai. Kai ka tashe ni, Malam, kai ne ubana kai ne ɗana. Kawo."

Telesiyas ya buɗe baki. Magana ɗaya ce kawai ta rage ya faɗa: na yayata ne, na yi mata alkawari. Amma ya san muddin ya ambaci sunanta kuka zai ƙwace masa a nan tsakar gida, gaban mutumin da ya yi shekaru yana tsaye a kan imanin cewa malaminsa ba ya kuka. Ya dubi battar yaron a hannun ubansa. Ya miƙa ƙyallen.

Aka yi walima. Baƙi suka yi ta shafa masa haɓa suna cewa yau dai Bagirke ya waye. Numeriyus ya tashi ya yi jawabi a kan juriya, ya kawo shi misali, mutane suka tafa. Telesiyas yana zaune yana lallashin kansa cewa ai gashi ne, zai sake tsirowa, in ya so kafin sanyi ya kai mata ko kamu ɗaya.

Washegari da hantsi aka yi sallama a ƙofarsa. Wanzamin maigida ne da zabirarsa. "Malam, barka da tashi. Maigida ya ce daga yau in na gama da shi in zo in yi maka, kullum, har iyakar rai. Kai, ka taki sa'a, ko surukinsa bai samu wannan ba." Ya jawo 'yar kujerar da ke kusa da gado ya zauna a kai. Shi ne mutum na farko da ya zauna a kanta tun da aka ajiye ta nan.

Shekarun da suka rage wa Telesiyas ba su da yawa, kuma haka ya yi su da haɓa sumul. Ya ci gaba da bin maigida dandali, yana amsa tambayoyin masu ciwon haƙori. Abu ɗaya ya roƙi wanzami, ya riƙa bar masa ƙyallen da yake goge aska. Wanzami ya ɗauka wata falsafa ce, bai tambaya ba.

Masu shigowa gari da jakuna sun saba ganinsa da rana tsaka a bakin hanya, wani tsoho mai sanƙo durƙushe gaban ƙaramin kabari yana warware ƙyalle. Abin da ke ciki fari ne kamar garin gishiri, bai cika cokali ba, rabi ma iska ke kwashewa kafin ya taɓa ƙasa. Yakan kakkaɓe shi a hankali, ya danna da tafin hannu, ya yi magana da harshen da babu mai jinsa a Rum.

"Yaya, ga na yau. Ki yi haƙuri, ki riƙa tarawa."