Hannun Rigar da Ba Ni Na Ɗinka Ba

A makarantarmu ta koyon ɗinki da ke Unguwar Boro, in kana so Madam ta ɗaure maka fuska sati guda cur, to ka kira mu teloli. Madam ita ce mai makarantar, ita ce kuma malamar. A wurinta tela shi ne wanda ke yawo da keke a ka yana kaɗa almakashi a lungu. Mu dizaina ne. Ni kuwa na karɓi wannan magana hannu bibbiyu, don ta rufa mini asiri. Zane dai na iya, ba yabon kai ba. Ba ni takarda da fensir in fitar maka da rigar da amarya za ta gani ta raina wadda ta riga ta ɗinka. Amma zaunar da ni gaban keke ka ce in haɗa hannun riga da jikinta, nan za ka ga abin tausayi. Kafaɗa ta yamutse, hammata ta matse, mai rigar ko napep ba ta isa ta ɗaga hannu ta tsayar ba.

Kowane zango Madam takan ɗauko hayar bas ta kai mu abin da take kira ganin masana'anta da idonmu. Fitar farko Kakuri muka je, wata tsohuwar masaƙa da aka rufe tun ina goye. Muka tsaya mu goma sha huɗu, kowa da littafi da biro, muna leƙen ciyawa. Wani tsohon maigadi ya nuna mana inda injina suke a da. Awaki biyu ne kwance a wurin. Madam ta ce mu rubuta abin da muka koya, ni dai na rubuta cewa an yi rana. Fita ta biyu kasuwar gwanjo ce, wai mu nazarci ɗinkin ƙasashen waje. Muka nazarta sosai, kowa ya dawo da leda cike, har Madam.

A aji, kusa da ni wata mata ce 'yar Filato ke zama. Ta girme mu duka, muna ce mata Anti. Mijinta ya rasu ya bar mata yara biyu, kullum sai ta kai su makaranta sannan ta shigo aji tana haki. Zane kam Allah bai ba ta ba. In ta zana mutum sai ka rantse buhun masara ne aka yi wa ƙafafu. Amma ɗinkinta tsaf, ciki da waje. Ba ta taɓa ɓoye abin da ya kawo ta ba.

"Ni ba dizaina nake nema ba," takan ce. "Aiki nake so, wanda zan tashi da safe in san inda za ni."

Sai ga fita ta uku, wani kamfani a Kudenda mai ɗinka yunifom ɗin 'yan makaranta da na masu gadi. Wannan karon injinan na da rai. Madam ta sanar cewa za su ɗauki ɗaliba ɗaya koyon aiki na wata shida, in ta yi ƙoƙari su riƙe ta. Duk ajin muka juya muka kalli Anti. Ba wanda ya yi gardama, gurbin nata ne. Ni ko a jikina. Yunifom? Ni? Allah ya sawwaƙe.

Matsalata daban ce. Dokar Madam ita ce duk fita kowa ya sa abin da ya ɗinka da kansa. A baya bubu nake zumbulawa, mai faɗi, ba hannu ba wuya, in ce salo ne. Wannan karon ta ce dole riga ta kasance da wuya, da zif, da hannu. Na kwana uku ina haɗawa ina farkewa har yadin ya fara gajiya da ni. Rana ta huɗu na naɗe rigar a leda na hau mota sai Tudun Wada, wurin wani tsohon Malam da ke yi wa mahaifiyata ɗinki tun kafin a haife ni.

Ya ɗaga rigar, ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yar nan, ba ke aka ce mini kina makarantar ɗinki ba?"

"Dizain nake karantawa, Malam."

"Af! To madalla."

Bai ko rage muryar rediyonsa ba. Kafin in shanye ruwan ledar da ya ba ni, hannaye biyu sun zauna a kafaɗa lafiya lau.

Ranar fita muka isa Kudenda kamar masu zuwa biki, an sha kwalliya, an sha hoto a bakin ƙofa. Da muka shiga sai ƙara ta rufe mana baki. Layi-layi na kekunan lantarki, kuma abin mamaki, ba mai ɗinka riga guda daga farko har ƙarshe. Wannan wuya kaɗai yake sawa, waccan aljihu kaɗai, su miƙa gaba. Aka nuna mana wata da ta shekara tara tana huda gidan maɓalli. Muka dubi juna muna tausaya mata, mu da ko riga ɗaya ba mu taɓa sayarwa ba.

Mai kula da ɗakin ɗinkin wata Hajiya ce, gajera, da reza rataye a wuya. Ta ce mu jeru. Muka jeru, kowa ya karkace ya riƙe ƙugu yadda muke gani a waya. Hajiya ko kallon gaban rigunan ba ta yi ba. Ta kama bakin riga ta juya ciki, ta leƙa bayan zif, sannan ta ce, "Ɗaga hannu." Haka muka tsaya hannaye sama, tana bi tana leƙa hammatarmu ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata na dariya ƙasa-ƙasa. Tabɗi! Rigunan da suka fi ɗaukar ido su suka fi zare-zare a ciki.

Da ta zo kan Anti ta daɗe tana dubawa, ta gyaɗa kai ta ce, "Wannan ta iya." Na ji daɗi har raina, Allah ya sani. Sai ta zo kaina. Zif ɗina ta yi masa ɗan tsaki ta wuce. Ta juya hannun rigar, ta kira wani ma'aikaci ya zo ya gani.

"'Yata, wa ya haɗa wannan hannun?"

Madam na tsaye tana murmushi, ajinmu duka sun zuba mini ido.

"Ni ce, Hajiya."

Ashe mai haɗa musu hannu ta tafi haihuwa, kuma wannan gurbin suke son cikewa. Hannun rigar Anti ba laifi, amma ina za ta kama ƙafar mutumin da ya tsufa a kan keke? Nan take Hajiya ta ce in zo ranar Litinin.

A bas aka yi ta shewa. Madam ta miƙe tsaye ta yi jawabi, wai yau mun ga bambancin dizaina da tela. Anti na gefena. Ta ce, "Na taya ki murna, ƙanwata," ta juya tana kallon taga har muka sauka. Daga Kudenda zuwa Unguwar Boro akwai isasshen lokacin da mutum zai buɗe baki. Ban buɗe ba. Kunya na ciki, amma in faɗi gaskiya, yabon ma ya yi mini daɗi.

Litinin aka zaunar da ni gaban keke, aka jibge mini tulin rigunan 'yan firamare, ramin hannunsu ɗan mitsitsi. Na haɗa goma, Hajiya ta cire rezar wuyanta ta miƙa mini in farke takwas. Talata ma haka. Baiwar Allah, sai ta ce wataƙila gudun keken lantarki ne ban saba ba, ta ba ni zuwa wani satin in daidaita.

Ranar Asabar da rana na tafi ɗakin Anti. Na same ta tana wanki. Na fara kame-kame, wai keken kamfani ne, wai yadin ne mai santsi. Ta goge hannu a zani, ta shiga ta ɗauko ƙyallaye, ta jawo kekenta bakin ƙofa.

"Zauna. Fara sa alama a tsakiyar kan hannun, ki haɗa ta da ɗinkin kafaɗa. Hannun a ƙasa, jikin rigar a sama. Kar ki ja! Ki bar haƙoran keke su cinye rarar da kansu."

Muka yi ta yi har la'asar, muka ƙara ranar Lahadi bayan an tashi coci. A karo na ashirin da wani abu hannu ya zauna sumul. Na kusa yin kuka.

"Anti, ba ki tambaye ni komai ba."

"In tambaye ki me? Shekara guda ina zaune kusa da ke. Tun da kika shigo bas na san ba ɗinkinki ba ne."

"To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Haba, a gaban baƙi? In tona miki asiri, in kunyata Madam?" Ta tsinke zare da haƙori. "Abu ɗaya dai nake roƙonki. In wani gurbi ya buɗe, ki ambace ni."

Na ce wallahi zan ambace ta, kuma a lokacin da gaske nake.

Na zauna a kamfanin. Hannuna ya faɗa, har Hajiya ta fara turo mini sababbi in nuna musu. In baƙi sun zo takan tsaya a kaina ta ba su labarin yadda ta gano ni daga leƙa hammata. Labarin ya yi mata daɗi, ni ma na saba da jin sa.

A wata na huɗu mai sa wuya ya ajiye aiki. Hajiya ta tsaya a bayana ta ce, "'Yata, a ajinku akwai wata babbar mace mai tsabtar ɗinki, na duba ta rannan. Tana nan kuwa?"

Ban ma sha wahalar ambatonta ba, an ambata mini ita. Abin da ya rage in ce e. Amma sai na hango Anti zaune layi ɗaya da ni, ita da ta san komai, Hajiya na ba da labarin nan a gabanta. Anti ba za ta faɗa ba, na sani sarai. Ni ce ba zan iya ɗaga ido ba, kullum, daga safe har yamma.

"Ina jin ta koma Filato, Hajiya."

"Kash," in ji ta, ta wuce.

Bayan kwana biyu muka haɗu da Anti a bakin titi da safe, tana riƙe da yaranta.

"Ƙanwata, har yanzu shiru?"

"Shiru, Anti."

"Ba komai. Ke dai ki riƙe aikinki da kyau, kin ji?"

Ta sa yaran suka gaishe ni. Na tsani kaina a wurin nan, amma na amsa gaisuwar, na hau mota.

Anti ta ci gaba da neman aiki har ƙarshen shekarar, ba ta samu ba. Bayan Kirsimeti wata 'yar ajinmu ta gaya mini Anti ta sayar da kekenta, ta kwashe yaran ta koma Filato. Da na ji, abin da ya fara zuwa mini a rai shi ne yanzu ko Hajiya ta bincika ba za ta kama ni da ƙarya ba.