Jan Layin Jirgin Halliru

A kasuwar Gwiwa, bayan rumfunan 'yan kwano, akwai wata tsamiya da Halliru Mai Dalma ya yi shekaru yana zama a gindinta, yana liƙe kwanuka da bokitan da suka huje. Ba ya ciniki, ba ya hira. In ya gama liƙi sai ya ɗora kwanon a kan ruwan daro, ya zuba masa ido, sannan ya miƙa wa mai shi. Baƙi kan ɗauka kurma ne. Mutanen gari kuwa sun san ya taɓa zama mai surutu.

An haife shi a gidan maƙera, a wani ƙauye kusa da Gwiwa, yana ɗan shekara goma sha biyu aka sami 'yancin kai. Shekarar da naira ta fito ya auri Rahamatu, 'yar farin Kawu Daudu, wani dattijon Bafulatani mai shanu da gona a rugar da ke hayin kwari. Ba a so a ba shi ita ba, don maƙeri ne. Ita ce ta kafe, tsohon ya haƙura. Tun daga ranar, kamar yadda aka gada, Halliru bai ƙara haɗa ido da surukinsa ba. In ya hango shi a hanya sai ya cire takalmi ya durƙusa, kai a ƙasa, gaisuwa kawai, ba ƙari.

Fari ya cinye damina biyu, ba mai sayen fartanya, sai ya bi motar shanu zuwa Ikko. Ya faɗa lokacin da jiragen siminti suka yi cincirindo a bakin teku, ya sami aikin dako a tasha. Ranar farko ya tsaya da buhu a ka, baki buɗe, yana kallon jirgin da ya fi unguwarsu tsawo.

Shugaban leburorin, Abatcha, wani tsohon Babarbare da ya yi tuƙi a tafkin Chadi, ya daka masa tsawa.

"Kai Bakano! Kallo aka ɗauke ka yi?"

"Baba, ƙarfe ne fa. Ni maƙeri ne. Ko allura na jefa a rijiya ta tafi kenan."

Da aka tashi cin abinci Abatcha ya jawo bokitin wanke hannu cike fal, ya jefa ƙusa. Ta nutse. Ya ɗora tasar da ya gama cin garin kwaki a ciki, ta zauna, ruwa ya ɗan zuba ta gefen bokitin.

"Wa ya fi nauyi, tasa ko ƙusa?"

"Tasa."

"To. Ruwa ba ya son a ture shi. Iya nauyin ruwan da ka ture, iya abin da zai ɗaukar maka. Ƙusa ta dunƙule jikinta, ba ta ture komai ba. Tasa ta buɗe ciki, ta ture da yawa." Ya dinga zuba tsakuwa a tasar, tana ƙara zama, har ruwa ya leƙa bakinta. Nan take ta tafi ƙasa. "Ka gani? Da ruwa ya shiga, ta koma ƙusa." Ya nuna wani zane a jikin jirgin, can kusa da ruwa. "Shi ya sa suke da wancan layin. In ya nutse, ko uban mai jirgin ne ya zo da kaya, ba a ɗauka."

Bayan shekara biyu Halliru ya dawo gida da rediyo da wannan magana. Ya tarar an tare kwarin da madatsa. Ruwa ya kwanta tsakanin rugar su Rahamatu da hanyar kasuwa, abin da dā ake tsallakawa da ƙafa ya zama zagayen rabin yini. Mata masu tallar nono kan iso kasuwa rana ta take, nono ya tsinke.

Sai ya ƙudura ƙera jirgin fito. Ya sayi durorin man da masu aikin madatsa suka bari guda shida, ya farke su, ya buge su suka miƙe, ya haɗa da ƙusa, ya bi kowace gaɓa da kwalta. Abokin wasansa Lauwali mahauci ya riƙa zuwa kullum don tsiya.

"Sarkin Ruwa! An ce ka je Ikko ka bar hankalinka a can. Ƙarfe a ruwa? In za ka shiga ka bar mini rediyon."

"Kai da ko a kwata ba ka iya iyo ba, ja can."

Ranar da aka tura jirgin ruwa, sai ya zauna daram. Halliru ya loda duwatsu yana dubawa, har ya gane iyakarsa, sannan ya ɗauko jan fenti ya ja layi a jikinsa, taƙi ɗaya ƙasa da baki. Rahamatu ce ta riƙe masa gwangwanin fentin. Ya yi mata bayanin tasa da ƙusa har sau uku, ta ce, "Na ji, Malam, ai ba ni ce Lauwali ba."

Damina biyu yana fito da mutane, bai taɓa bari layin ya jiƙe ba. Ya taɓa sauke buhunan mai unguwa. Ya taɓa sauke Lauwali da cinyar saniya a kafaɗa, ana dariya. Har aka yi masa kirari: Halliru, ba ka da uba sai layi.

Kawu Daudu bai taɓa shiga ba. Ya fi yarda da ƙafarsa, kuma ba ya son ya takura surukinsa. Amma a damina ta uku ƙaya ta kumbura masa ƙafa, ga maraƙin da yake so ya kai kasuwa. Ranar kasuwa da hantsi sai ga shi a bakin ruwa yana ɗingishi, yana jan maraƙin, an biyo shi da buhun gero biyu.

Jirgin ya riga ya cika. Mata bakwai da ƙoren nono, cikinsu har da Rahamatu, wadda ta kwana biyu a gida wajen mahaifiyarta. Ruwa na lasar ƙasan layin.

Halliru ya durƙusa. "Barka da hantsi, Baffa."

"Barka kadai," in ji tsohon, yana kallon wani gefe. Ya sa aka ɗaure maraƙin aka kwantar a tsakiya, aka jibga buhunan, shi ma ya hau.

Layin ya ɓace. Tsakanin ruwa da bakin jirgi bai fi yatsu uku ba.

Halliru ya dubi sama, ya ce wa iska, "Yau ruwan ya cika da yawa."

"Allah ya ƙara," in ji tsohon.

Lauwali na tsaye a gaɓa, ya zo sayen akuya a ruga. Mai bakin nan, shi ma sai ya sunkuyar da kai. Wa zai ce wa dattijo ya sauka daga jirgin surukinsa a gaban mata? Rahamatu ta dubi gefen jirgin, ta dubi mijinta, ta yunƙura da ƙwaryarta.

"Bari in jira sahu na biyu."

Uban bai kira sunanta ba, don ba a kiran sunan 'yar fari. Ya dai ce, "A zauna. Ba za a tashi don ni ba."

Ta zauna. Halliru ya buɗe baki. Kalma huɗu ce: Baffa, a rage kaya. Sai ya kafa gora ya tura.

Sun wuce rabi lafiya. Daga nan wata 'yar iska ta taso, ruwa ya fallatso wa maraƙin a hanci, ya yi wata zabura. Jirgin ya karkata kaɗan, ruwa ya leƙa baki. Daga baya Lauwali ya ce shi da ke gaɓa bai ji ko ƙara ba. Ya ga mutane, ya ƙifta ido, sai ƙore suna yawo, ruwan wajen ya yi fari da nono.

Halliru ya koyi iyo a Ikko. Ya nutsa, hannunsa ya kama riga, ya ja zuwa tudu. Kawu Daudu ne. Ya koma, ya fito da mace biyu. Masu wanki suka ciro biyu. Uku ba a same su ba sai washegari da azahar, Rahamatu a cikinsu, zanenta ya sarƙe a igiyar maraƙin.

Ba wanda ya kai shi ƙara. Aka ce kwana ne ya ƙare. Shi kuwa bai sake zuwa bakin ruwan ba, bai sake aure ba. Ya koma gindin tsamiya da dalma.

Bayan shekara shida, wata ranar kasuwa, inuwa ta tsaya a kansa. Kawu Daudu ne, ya rame, yana dogara sanda, ba kwano a hannunsa. Halliru ya zame daga kan dutsen da yake zaune ya durƙusa. Tsohon ya zauna a ƙasa, abin da bai taɓa yi ba, ya dube shi ido cikin ido.

"Halliru. Jiya mahaucin nan yake gaya mini abin da jan zanen nan yake nufi. Shekara shida ba wanda ya gaya mini."

Halliru bai ɗago ba.

"Me ya hana ka faɗa?"

"Kunya, Baffa." Muryar ta fito a dushe. Can ya ce, "Da na faɗa, da ka sauka?"

"Da na sauka mana. Da maraƙin, da geron, duka." Tsohon ya share fuska da bakin rawani. "Ni na ɗauka ado ne ka yi wa jirginka. Har na ce a raina, yaron nan ya iya fenti."

Suka zauna. Wata mata ta zo da tasa mai huji, ta tsaya, ta ga ba wanda ya dube ta, ta wuce. Dalmar da ke kan wuta ta narke, ta ƙone, Halliru bai sauke ta ba.